Sirajo da Ruwan Bahon Alhaji Hammadu

Ni bakaniken babur ne a Kaura Namoda, kuma yawancin mutanen da na sani ta babur ɗinsu na san su. Akwai wanda ba ya kawo nasa sai ya mace masa a hanya, ya turo shi yana haki, yana zagin masu sayar da mai, yana zagina ni da ban ma taɓa shi ba. Akwai kuma mai kawowa da wuri. Sirajo yana cikin masu kawowa da wuri, har abin ya yi yawa. Kafin ya yi tafiya sai a duba birki, a ja sarƙa, a canja baƙin mai tun bai yi baƙi ba. Zai zauna a kan bencina ya haɗa gwiwoyi, ba hira, ba ya ko sa baki a musun ƙwallo. Abin da zan faɗa a nan tsinto shi na yi kaɗan-kaɗan cikin shekaru, don Sirajo ba ya ba da labari sai an ciro shi kamar tsohuwar ƙusa.

Mutumin Banga ne. Tun yana saurayi ya tafi Abuja ci-rani, ci-ranin ya zama zama. Ya samu shara a wani otal, daga shara aka mayar da shi wajen masu kula da ruwa, a nan ya haɗu da abin da ya zama sana'arsa. Wani ƙaton baho ne da manya da yawa za su zauna a ciki su miƙe ƙafa. Ruwansa da ɗumi kullum, inji na juya shi, yana ɓulɓulowa ta gefe yana dukan baya da gwiwa. Ranar da ya fara kwatanta mini, na ce ai wannan kwamin shanu ne aka sa wa wuta. Bai yi dariya ba. Ya ce bambancin shi ne ba a zubar da ruwan in an fita, watanni yake yi a ciki, don haka sai an kula da shi kamar yadda ake kula da dabba a turke. Mu kuwa mutanen bokiti ne. Mu yi wanka, ruwan ya bi rariya, mu manta da shi.

Yana can matarsa Saliha ta rasu a gida, bai iso ba sai bayan an rufe ta. 'Yarsu ɗaya ce, Nusaiba, aure ya kai ta Maraɗi. Daga baya otal ɗin ya canja hannu, sababbin masu shi suka zo da nasu mutanen, Sirajo ya naɗe tabarmarsa ya dawo da furfura a gemu. Banga da ya sani ba ita ya tarar ba. Gonar da ya gada tana can gefen daji, inda mai hankali ba ya zuwa da fartanya yanzu. Sa'o'insa wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu sun koma Gusau, waɗanda suka rage kuma suna gaishe shi irin gaisuwar baƙo. Sai ya kama ɗaki ɗaya a nan Kaura, bayan tashar jirgin ƙasa. Na taɓa kai masa babur har ƙofa. Katifa, buta, risho, da jarkoki a jere a jikin bango. Ba abin da ya nuna wani yana shiga ɗakin ban da shi.

Abincinsa na yau da kullum daga wanke tankunan ruwa yake fitowa. Amma a tsakanin Kaura, Zurmi da Shinkafi akwai 'yan gidajen da ke da irin wannan bahon, ba su kai yatsun hannu biyu ba. Wani ya gani a otal lokacin Umra ya ce shi ma sai ya yi, wani ɗan kwangila ne da ke son a ce yana da shi. Masu kawowa daga Kano ko Abuja su kafa su tafi, ba wanda ya ce wa mai gida uffan game da ruwan. Sai ya yi kore ya fara wari, sannan a soma cigiyar wanda ya sani, a ce ai akwai wani Sirajo a bayan tasha.

Abin da idonsa ya gani a gidajen nan, da ni ne da na cika gari da labari. Wani Alhaji ya shiga da soso da sabulu ya kunna inji, kumfa ta tashi ta rufe shi har wuya ta gangaro tsakar gida, iyalinsa suna salati. Wani ya juye kwalbar turare don ruwan ya yi ƙamshi. A wani gida a Zurmi mata suka gano ruwan zafi na banza, suka mayar da shi wurin jiƙa wanki. Wani kuma ya ƙi a sa maganin kolorin, wai in warin ruwa ya canja bai san ko yana tsarkake mutum ba. Sirajo ya ce masa wannan tambayar malamai ce, shi dai abin da ya sani, ka gama wankanka da tsarkinka a bokiti tukuna, ka shigo nan da jiki tsaf, ba sabulu, ba man shafawa.

Yadda yake aiki shi ne abin da na daɗe ina masa tsiya a kai. Ba gyara kawai yake yi ba, koyarwa yake yi. Zuwan farko shi zai yi komai mai gida na kallo. Daga nan sai ya goya hannu a baya ya tsaya, ko waye kai, ko rawaninka ya kai ina, kai za ka duƙa. Kai za ka zaro matatar da ke tace ruwan ka wanke ta da ruwan famfo har ta daina fitar da datti. Kai za ka tsoma 'yar siririyar takardar gwaji ka ga launin da ta koma, ka auna kolorin daidai, ka bar murfi a buɗe warin ya fita kafin kowa ya shiga. Yana sa su shafa bangon bahon ta ciki da yatsa, in sun ji santsi to ruwa ya fara lalacewa ko da ido bai gani ba. Na ce masa, kai wane irin mai sana'a ne da ke koya wa mutane yadda za su daina nemansa? Ni ko ɗaure birki ba na yi a gaban mai babur sai na juya masa baya. Ya ce hanyoyin nan ba su da tabbas, ruwa kuma ba ya jiran hanya ta yi kyau. Haka kuwa aka yi ta yi. Duk wanda ya koya sai ya yi godiya, daga nan shiru, Sirajo ya koma wanke tankuna.

Mutum ɗaya ne ya ƙi koyuwa, Alhaji Hammadu na Shinkafi. Tsohon dillalin hatsi ne, ya ci zamaninsa a kasuwar garin, yanzu gwiwoyi sun ƙi shi, sallah ma a zaune yake yi. Matarsa Hajiya Rekiya ta rasu. 'Ya'yansa sun kwashe iyalansu sun koma Kaduna da Sakkwato saboda halin da ake ciki, sun yi juyin duniya ya bi su ya ce ba inda za shi. Da babban ɗansa Jabiru ya ga haka, sai ya sa aka kafa masa bahon a wata rumfa a tsakar gida, da farantan hasken rana a kan rufi, don likita ya ce ruwan ɗumi zai sassauta masa ƙafafu. Gida ne mai ɗakuna barkatai, duk a kulle sai ɗaya. Abinci daga gidan ƙanwarsa ake aiko masa.

Ran da Sirajo ya fara zuwa, ya ɗaga murfi ya tarar da ruwan ya koma kalar shayi, ganye na yawo a sama, matata ta toshe, inji na nishi.

Ya ce, "Baba, mi kas sa cikin ruwan ga?"

Tsohon ya ce, "Ɗan dogon-yaro na, da 'yar jar kanwa."

"Ba a sa mai komi, Baba. Ganye shina toshe matata, kanwa ko ta ɓata magani."

"To in ba ganye, mi za ya warkar da ni? Ruwan da ba ganye ai ruwan banza na. Rekiya ba ta taɓa gasa man ƙahwa da ruwan banza ba."

Ashe haka marigayiyar take masa tun da ciwon ya fara. Ta tafasa ganyen dogon-yaro da jar kanwa a tukunya, ta tsoma tsumma tana danna masa gwiwa, yana ihu tana masa faɗa. Shi a ganinsa ɗansa ya sayo masa babbar tukunya ce kawai mai dafa kanta. Sirajo ya zubar da ruwan, ya wanke bahon, ya cika sabo, ya nuna masa komai dalla-dalla. Tsohon yana ta gyaɗa kai yana cewa awo, awo. Da Sirajo ya ɗauki jakarsa, sai Alhaji ya ce ina za shi ga abinci ya iso. Ya so ya ƙi, tsohon ya ce a gidan nan ba a taɓa yin aiki an fita da yunwa ba, kuma kwano ɗaya ne, ya wanke hannu.

Bayan 'yan kwanaki wayar Sirajo ta yi ƙara yana zaune a bencina. Na ji muryar tsohon tana fitowa: "Sirajo, ruwan ga ya sake." Sirajo ya yi tsaki ya ce ganye ne, wallahi ganye ne. Amma ni ina kallon fuskarsa. Mutumin da aka ɓata wa rai ba ya miƙewa da sauri haka ya ce a duba masa taya.

Ran Alhamis yake tafiya, ranar kasuwar Shinkafi, don motoci na da yawa a hanya, mutum ba ya zama shi kaɗai a daji. Ya isa ya tarar da ganye, ya yi faɗansa na ladabi, tsohon ya ce mantuwa ce, tsufa ya zo. A zubar, a wanke, a tara sabon ruwa. Tarawar nan tana ɗaukar lokaci, ruwan kuma sai ya yi ɗumi kafin a gwada shi, to a tsakanin nan ne ake zama. Alhaji ya ba shi labarin zamanin da motocin gero ke layi tun daga kasuwa har bakin gari, da yadda yake sanin hatsin Galadi da na wani wuri in ya damƙa a hannu. Sirajo, wanda ni ban taɓa jin ya haɗa zance mai tsawo ba, wai har labarin Saliha ya ba shi. Su yi azahar tare, ɗaya a tsaye ɗaya a kujera. Su ci tuwo, tsohon na tura masa nama gabansa yana cewa shi haƙoransa sun yi ritaya.

Zan faɗa a fili, don shi ba zai faɗa ba. A duk faɗin duniyar nan, gidan nan ne kaɗai wurin da ake jiran zuwan Sirajo. 'Yarsa tana kira in ta samu hali, amma kira daban, a ce maka wanke hannu daban. Kuma abin da ke kai shi gidan ruwa ne da ya lalace. Ran da ruwan ya daina lalacewa, ba shi da abin da zai kai shi. Wanda bai san mu ba zai ce ai sai ya je gaisuwa. A'a. Mai aikin hannu ba ya wanke ƙafa ya tafi gidan mai hali, wanda ba danginsa ba, ba sa'ansa ba, ya zauna haka kawai. Kafin ya fito an ce maula ta kai shi, ko yana lallaɓa tsoho ne don 'ya'yansa ba sa nan. Sirajo kuwa gara ya kwana da yunwa da a faɗi haka a kansa. Shi ma tsohon ba zai buɗe baki ya ce wa sa'an ɗan cikinsa zo ka taya ni zama ba. Ko da gangan yake zuba ganyen, ko kuwa da gaske ya yarda ruwa ba ya magani sai da shi, ko ƙamshin ne yake tuna masa da matarsa, ban sani ba, kuma ba na jin shi ma ya tsaya ya rarrabe.

An daɗe a haka. Abin ya lalace ne a ƙarshen wata damina, dawa ta yi tsawo ta fara fitar da kai. Tsohon ya kira, Sirajo ya kama hanya da hantsi. Ya wuce Moriki kenan ya ga motoci suna juyowa a guje, direbobi na ɗaga hannu, kafin ya gane me ake ciki ya ji harbi a gaba. Ya faɗa gonar dawa da babur, ya kwantar da shi, shi ma ya kwanta rub da ciki a cikin laka. Ya ce yana jin ƙarar baburan 'yan bindiga suna wucewa, yana jin wata mata tana kiran sunan wani. Bai san tsawon lokacin da ya yi a nan ba. Sai da ya ji motocin sojoji sannan ya fito. Ya fi kusa da Shinkafi a kan gida, sai ya ci gaba, takalmi ƙafa ɗaya.

Ya shiga gidan, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, ya ɗaga murfi. Ganye ne fal, har da rassa.

A nan Sirajo ya yi abin da bai taɓa yi wa babba ba. Ya ɗaga murya.

"Baba, don Allah so kake in mutu bisa hanya? Dubi jikina! Cikin dawa nik kwanta ana harbi, don ganye! Sau nawa za ni hwaɗa maka? Yara ƙanana sun koya, kai ka ƙiya. In an kashe ni, wa za ka kira?"

Tsohon ya dube shi tun daga kai har ƙafar da ba takalmi. Sirajo ya ce a lokacin nan da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya durƙusa zai ba da haƙuri, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

Ya ce, "Gaskiya kaf faɗi. Ni ad da laihi. Tashi ka gwada man, yau ina koyo."

Ya kuwa koya. Ya sa aka jawo masa kujera har bakin bahon, ya zaro matata da hannunsa yana cije baki saboda gwiwa, ya wanke ta. Ya sa tabarau ya dubi takardar gwaji ya faɗi launin daidai. Ya tambayi abin da bai taɓa tambaya ba, in ruwa ya yi hazo me ake yi, in an yi kwanaki ba rana inji bai juya ba me ake yi, yaushe ake zubarwa gaba ɗaya. Sirajo, don ya rage nauyin abin da ya faɗa, ya kawo shawara: a riƙa dafa ganyen a tukunya daban, ya gasa gwiwarsa a waje yadda Hajiya take yi, ya ɗauraye, sannan ya shiga baho. Tsohon ya ce to. Ya sa aka nemo masa takalmin Jabiru a ɗaki ya ba shi. Ranar a gidan Sirajo ya kwana, da safe ya biyo ayarin motoci ya dawo.

Daga nan waya ta yi shiru.

Kaka ta zo aka yi girbi, inda aka samu yi. Sirajo yana zuwa bencina ya zauna, wayar a tafin hannunsa. In ta yi ƙara ya duba da sauri, sai ya ga mai tanki ne. Wata rana har ya ce in kira lambarsa ya ga ko tana shiga. Na kira ta shiga. Ya rame, abin da ya rage na maganarsa ma ya ƙafe. Ni kuma haushi ya ishe ni, don ba na son ganin babban mutum yana cin kansa a kan abin da babur zai warware.

Na ce, "Kai Sirajo, hau ka tai ka gaishe shi mana. Shinkahi ta, ba Makka ba."

Ya ce, "Da wane dalili?"

"Gaisuwa sai da dalili?"

"Rufa'i, na ɗaga mai murya cikin gida nai. In bai kira ba, da wane ido za ni shiga?"

"To kira shi kai."

"In ce mi? In ce ruwanka bai ɓaci ba har yanzu?"

Na ce wallahi ku biyun nan sai a haɗa ku a ɗaure. Tausayinsa nake ji, amma ni in tausayi ya kama ni faɗa yake zama.

Dalilin da ya jira ya zo da kansa, lokacin da ya kamata a zubar da ruwan gaba ɗaya a sa sabo. Wannan aiki ne na gaske, ba wanda zai ce komai in an gan shi a ƙofar gidan. Ya kawo babur na duba masa ko'ina. Ya yi aski, ya sa wankakkiyar riga, ya sayi kankana ya ɗaure a baya. Na ce yau kuma zance za a je? Ya yi ɗan murmushi, wanda rabon da in gani har na manta.

Da la'asar sakaliya ya dawo. Ya kafe babur ya zauna, bai ce a duba komai ba. Na ajiye sifana na zauna kusa da shi, na bari sai da ya fara da kansa.

Ya ce tsohon ya yi murna da ganinsa ƙwarai, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, ya tambayi hanya, ya sake tambayar hanya. Ba wanda ya ta da maganar ranar nan. Sai ya ja shi rumfa yana dogara sanda, ya ce ɗaga ka gani. Sirajo ya ɗaga murfi. Ruwa garau, ana ganin ƙasan bahon. Ya shafa bango, ba santsi. Ya tsoma takarda, launi daidai. Ashe ma tsohon ya riga ya zubar ya sa sabo a makon da ya wuce, ya sa maƙwabta sun taya shi, shi yana zaune yana ba da umarni. Kolorin ma Jabiru ya aiko masa da mai yawa. Ga tukunyar ganyensa can gefe a kan murhu, nesa da baho.

Ba abin zubarwa, ba abin tarawa, ba ruwan da za a jira ya yi ɗumi. Suka tsaya a bakin bahon su biyu suna kallon ruwa. Sirajo ya ce madalla, tsohon ya ce alhamdu lillahi. Ko azahar ba ta yi ba. Abinci ya iso, sai Alhaji ya sa aka juye masa nasa a roba mai murfi, ya ce ya tafi da shi, ya kama hanya tun rana na sama, tun motocin kasuwa ba su watse ba. Ya ce ba zai sake ɗaukar alhakin ransa ba.

Ya rako shi har zaure, da gwiwoyin nan nasa, abin da bai taɓa yi ba. Sirajo ya ɗaure jaka, ya hau, ya sa ƙafa zai tayar. Sai tsohon ya dafa kan babur ɗin.

Ya ce, "Sirajo, ka duba da kyau kuwa? Ba abin da niɓ ɓata? Ko ɗan kaɗan?"

Sirajo ya ce ya dubi fuskarsa, ya san abin da ake tambayarsa, shi ma tsohon ya san ya sani. Ya ce, "Babu, Baba. Ka iya."

Tsohon ya ɗauke hannunsa ya ce Allah shi kiyaye hanya.

Da na ji haka na tashi tsaye. Na ce kai wane irin mutum ne? Ni nan da kake gani, babur sabo fil daga kwali in aka kawo mini ina samo masa ciwo. Ka ce matata ta kusa gajiya, ka ce launin ya ɗan ja, ka ce komai! Tsoho ya buɗe maka ƙofa da hannunsa ka ja ka rufe?

Bai yi fushi ba. Yana zaune da robar abincin a kan cinya, bai ko buɗe ta ba.

Ya ce, "Mutum da ciwon gwiwa ya duƙa ya koya don kar in mutu bisa hanya, sannan in dube shi in ce bai iya ba?" Sannan ya ce, "Kuma na duba, Rufa'i. Wallahi na duba. Har matata niz zaro niy yi ta juyawa ko in samu wani abu. Ban samu ba."